Tambayoyi da Amsoshi Kan Ƙarfafa Tsofaffin Kayan Gini da Ragowar Masana'antu Wajen Shimfiɗa Hanya

Kowace hanyar mota tana cin dutse da tsakuwa da yashi masu yawan gaske, kuma mafi yawansu suna kwance ne a ƙarƙashin kwalta, inda ido ba ya kaiwa. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa ana haƙar yashi da tsakuwa kimanin tan biliyan 50 a duniya kowace shekara. A lokaci guda kuma ana rushe gine-gine, ana kankare tsofaffin tituna, masana'antu suna tara toka da kashin ƙarfe, wato dattin da ke fita idan an narkar da ƙarfe, tsibi-tsibi, ba tare da an san inda za a kai su ba. Amsoshin da ke biye sun tsaya ne a kan yadda ake haɗa waɗannan abubuwa biyu da aka yar su zama tushen hanya mai ƙwari, da kuma inda haɗin yake iya ɓaci.

Mene ne ainihin abin da ake nufi da wannan aiki?

Hanya hawa-hawa ake gina ta. A can ƙasa akwai ƙasar wurin, wadda ake daidaitawa a daɓe. A kanta ake zuba shimfiɗa ta farko, sannan shimfiɗa ta biyu, wadda ita ce tushen hanyar kuma ita ke ɗaukar mafi yawan nauyin motoci tana rarraba shi, sannan a rufe da kwalta ko kankare. A al'ada, da sabon dutsen da aka fasa daga tsauni ake yin waɗannan shimfiɗu biyu, idan kuma ana son ƙarin ƙarfi sai a zuba siminti ko farar ƙasa.

Abin da ake magana a kai shi ne a maye gurbin sabon dutsen da tsohon abu, kamar kwaltar da aka kankare daga tsohon titi, ko ɓaraguzan kankare da bulo daga ginin da aka rushe, sannan a maye gurbin simintin, duka ko wani ɓangare nasa, da abin da masana'antu suka bari bayan sun gama nasu aikin. Tsohon abun shi ne jiki, ragowar masana'antar ita ce abin da ke ɗaure shi.

Me ya sa tsofaffin kayan suke buƙatar ƙarfafawa, alhali daga dutse aka yi su tun farko?

Saboda dutsen da ke cikinsu ba tsirara yake ba. Kowace ƙwayar tsakuwa da ta fito daga tsohuwar kwalta tana lulluɓe da baƙin man kwalta wanda ya tsufa. Sabon dutse yana samun ƙarfinsa daga kaifin gefensa da kaushin jikinsa, yadda ƙwayoyin suke cije juna idan an daɓe su. Wanda ke lulluɓe da kwalta kuwa santsi gare shi, kuma idan rana ta yi zafi man yana laushi, sai ƙwayoyin su riƙa zamewa a hankali ƙarƙashin nauyi, har sawun tayoyi ya fito a kan hanyar kamar kwari. Wannan ne ya sa hukumomin hanyoyi da dama ba sa yarda tsohuwar kwalta ta wuce rabin kayan tushe idan ba a sa mata abin ɗauri ba.

Matsalar ɓaraguzan kankare daban ce. Tsohon kwaɓin siminti da yashi yana manne da kowane dutse, kuma shi wannan kwaɓi cike yake da ƙananan ramuka. Sabon dutse mai kyau yakan sha ruwan da bai kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa ba, amma fasasshen kankare yakan sha ninki biyu ko uku na haka, bulo ma ya fi. Kwaɓin yana kuma ruguzewa ƙarƙashin motar daɓe, sai girman ƙwayoyin da aka auna a ɗakin gwaji ya bambanta da abin da ya rage a ƙasa bayan aiki. Duk da haka, kankare yana da wata falala da ba a cika ambata ba. A cikin garinsa akwai sauran simintin da bai taɓa haɗuwa da ruwa ba, da kuma farar ƙasar da ta samu lokacin da tsohon simintin ya kama, kuma waɗannan su ne abincin da toka take buƙata domin ta yi aiki. Shi ya sa haɗin fasasshen kankare da toka ko kashin ƙarfe yakan fi haɗin tsohuwar kwalta da su dacewa.

Waɗanne ragowar masana'antu ake amfani da su?

Ta farko, wadda aka fi daɗewa ana aiki da ita, ita ce tokar kwal, wato garin nan mai laushi da ake tarewa daga hayaƙin tashoshin wutar lantarki masu ƙona kwal. Ƙwayoyinta ƙanana ne, masu siffar ƙwallo, kuma jikinsu gilashi ne. Ƙa'idar ASTM C618 ta Amurka ta raba ta gida biyu, ajin F mai ƙarancin sinadarin kalsiyam, wadda ba ta kamawa sai an haɗa ta da farar ƙasa ko siminti, da ajin C mai yawan kalsiyam, wadda take taurarewa da kanta da zarar ta sami ruwa. Wanda bai san wace ce a hannunsa ba bai fara aiki ba tukuna.

Na biyu shi ne kashin ƙarfe, wanda yake iri biyu, kuma rikita su kuskure ne mai tsada. Akwai wanda ke fitowa daga babban tanderun da ake narkar da tama, wato kashin tama, kimanin kilo 300 a kan kowane tan na ƙarfe. Idan aka watsa masa ruwa yana narke ya huce nan take, yakan zama kamar yashin gilashi, idan kuma aka niƙa shi ya zama gari mai ɗabi'ar siminti. Wani Bajamushe mai suna Emil Langen ne ya gano wannan a 1862. Akwai kuma wanda ke fitowa daga tanderun da ake tace ƙarfe ya zama baƙin ƙarfe mai ƙwari. Wannan yana da nauyi da tauri, tayar mota ba ta saurin goge shi, amma yana da halin kumbura, wanda za a yi bayaninsa a gaba.

Bayan waɗannan akwai ƙurar da ake tarewa daga tanderun siminti da na farar ƙasa, da dusar kabaid da ke ragewa bayan an samar da iskar walda, wadda kusan dukkanta jiƙaƙƙiyar farar ƙasa ce. Akwai tokar ƙaiƙayin shinkafa, wadda fiye da kashi 80 cikin 100 nata sinadarin silika ne, da sharaɗin an ƙona ƙaiƙayin a zafin da bai wuce digiri 700 na ma'aunin Celsius ba, domin idan wutar ta yi yawa silikar takan daskare ta daina aiki. Sai kuma masu wuyar sha'ani guda biyu, jan laka daga masana'antar alminiyam, da farin garin jifsam da ke ragewa a masana'antar takin fosfet. Na ƙarshen yana ɗauke da ɗan sinadarin radiyam, kuma tun 1989 Amurka ta ƙuntata amfani da shi ƙwarai.

Ta yaya toka, wadda ba siminti ba ce, take iya ɗaure tsakuwa?

Sirrin yana cikin haɗuwar abubuwa uku, wato farar ƙasa, da silika ko alumina da ke cikin gilashin tokar, da ruwa. Farar ƙasa tana narkewa a cikin ruwa ta ɗaga pH, wato ma'aunin kaifin ruwa, zuwa sama da 12. A irin wannan ruwa mai kaifi, gilashin tokar yana narkewa sannu a hankali, silika da alumina su fito su haɗu da kalsiyam, su zama wani irin danƙo da ke taurarewa tsakanin ƙwayoyin tsakuwa. Wannan danƙo ɗan'uwan wanda ke ba siminti ƙarfinsa ne.

Ilimin ba sabo ba ne. Rumawa sun riƙa haɗa farar ƙasa da tokar dutse mai aman wuta daga yankin Pozzuoli kusa da birnin Naples na Italiya, kuma wasu gine-ginen da suka yi da ita suna tsaye har yau, kusan shekara 2,000 bayan gina su. Bambancin da ya shafi mai gina hanya shi ne lokaci. Siminti yana samun mafi yawan ƙarfinsa cikin kwana 28, amma haɗin toka da farar ƙasa yana tafiyar hawainiya, yana ci gaba da ƙara ƙarfi bayan wata uku, har bayan shekara. Zafi yana hanzarta shi, sanyi mai tsanani kuma yana kusan tsayar da shi cak, don haka a ƙasashe masu hunturu ake daina irin wannan aiki makonni kafin ƙanƙara ta fara sauka.

Me zai hana a zuba siminti kawai a huta?

Siminti yana aiki, kuma babu wanda ke musun hakan. Damuwar tana ga abin da ake biya kafin a same shi. Ana ƙona dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai digiri 1,450, kuma fiye da rabin iskar kabon da ke fita daga jikin dutsen kansa take fitowa, ba daga man da aka ƙona ba, ta yadda ko an sauya makamashi ba za a rabu da ita ba. Duniya tana samar da siminti kimanin tan biliyan 4 a shekara, kuma wannan masana'anta ita ke da alhakin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa. Toka da kashin ƙarfe kuwa an riga an ƙona su domin wata buƙata daban, abin da ya rage shi ne busarwa da niƙa da dako.

Akwai kuma dalili na aikin injiniya. Tushen da aka cika wa siminti yana ƙanƙancewa yayin bushewa ya tsage, tsagar kuma ta haura ta fito a saman kwalta. Abin ɗaurin da ke kamawa a hankali yakan rage wannan, kuma yana ba ma'aikata isasshen lokacin shimfiɗawa da daɓewa. A aikace, haɗin da ya fi yawa shi ne wanda aka sa ɗan siminti ko farar ƙasa kaɗan domin ya tayar da aikin, toka ko niƙaƙƙen kashin ƙarfe kuma su ɗauki sauran.

Ana maganar haɗin da ba ya buƙatar siminti ko kaɗan. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Ana tayar da toka ko kashin ƙarfe da ruwan soda mai ƙarfi da kuma silikar sodiyam, su kama su yi tauri ba tare da siminti ba. Viktor Glukhovsky ya yi aiki a kan haka a birnin Kiev tun shekarun 1950, kuma Bafaranshe Joseph Davidovits ne ya raɗa wa irin wannan haɗi sunan jiyofolima a shekarun 1970. Filin jirgin sama na Wellcamp da ke Toowoomba a Ostireliya, wanda aka buɗe a 2014, an yi amfani da irin wannan kankare kimanin mita kubik 40,000 wajen gina shi.

Sai dai bai kamata a yi gaggawar yabonsa a aikin tushen hanya ba. Ruwan soda yana ƙona fata da ido, kuma sarrafa shi a fili, cikin ƙura da iska, ya fi wuya nesa ba kusa ba a kan sarrafa shi a cikin masana'anta. Samar da silikar sodiyam ma yana cin makamashi mai yawa, wanda ke rage ribar da aka ce an samu ta fuskar hayaƙi. Sakamako mai kyau da ake gani a wasu gwaje-gwaje kuma a cikin tanda aka same shi, a zafin digiri 60 ko fiye, alhali babu mai iya sa kilomita goma na hanya a cikin tanda. Haɗin da ya ƙunshi kashin ƙarfe yana kamawa a zafin yanayi, shi ya sa ya fi kusa da shiga aiki na yau da kullum.

Yaya ake sanin adadin da za a zuba?

Da gwaji, kuma da kayan da za a yi aikin da su ainihi. Wannan ita ce amsar da ta fi kowace muhimmanci a nan. Buhun siminti abu ne da aka sarrafa bisa ƙa'ida, na yau da na gobe kusan ɗaya suke. Toka kuwa babu wanda ya yi niyyar yin ta. Idan tashar lantarki ta sauya wurin sayen kwal, ko ta sauya yadda take ƙonawa, tokar ta sauya. Idan gawayin da bai ƙone ba ya yi yawa a cikinta, ƙarfinta ya ragu. Haka ma ɓaraguzai, na gada daban, na gidan da aka yi wa shafen jifsam daban. Lissafin da ya yi nasara a wani aiki shawara ce kawai ga wani aikin, ba hujja ba.

Ana farawa da tankaɗe kayan domin a san rabon manya da ƙanana. Sannan a yi gwajin Proctor, wanda aka san shi tun 1933, domin a gano yawan ruwan da ke ba da daɓe mafi kyau. Daga nan a haɗa samfura da adadin abin ɗauri daban-daban, a adana su cikin danshi, a matse su da inji har su fashe bayan kwana 7 da kwana 28, wani lokaci har kwana 90 saboda jinkirin toka. Hukumomi da dama suna neman ƙarfin da ke tsakanin 2 zuwa 3 a ma'aunin matsi na megafaskal bayan mako guda ga tushen da aka sake sarrafawa, kuma abin lura shi ne suna sa iyaka ta sama kamar yadda suke sa ta ƙasa, domin tushen da ya cika tauri yana karyewa maimakon ya ɗan lanƙwasa. Siminti yakan tsaya a kashi 2 zuwa 4 cikin 100 na nauyin busassun kayan, toka kuma sau da yawa tsakanin kashi 10 zuwa 20.

Ƙarfin rana ɗaya bai isa shaida ba. Ana jiƙa samfurin a busar da shi sau 12 a jere a ga abin da zai zube daga jikinsa, a ƙasashen sanyi kuma a daskarar da shi a narkar. Ana kuma yi masa dukan nauyi sau dubbai, kwatankwacin wucewar tayoyi. Gwajin hanya na AASHO, ƙungiyar jami'an hanyoyi na jihohin Amurka, da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan sandar da ke riƙe tayoyin mota ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa hanya takan ninka kusan sau 16. Saboda haka yawan manyan motocin da za su bi hanyar yana cikin abin da ke yanke adadin abin ɗauri.

Me ke sa wasu hanyoyin da aka yi da waɗannan kaya su kumbura?

Dalilai biyu ne suka fi yawa, kuma dukkansu ana iya gano su kafin a fara aiki. Na farko shi ne ɗanyar farar ƙasa da sinadarin magnesiya da ke ɓoye cikin kashin baƙin ƙarfe. Idan ruwa ya same su, girmansu yakan kusan ninka biyu. Farar ƙasar tana yin haka cikin makonni ko watanni, magnesiya kuwa tana iya ɗaukar shekaru, ta yadda hanya za ta yi kyau lokacin da aka miƙa ta, sannan ta fara tudu-tudu bayan an manta da wanda ya gina ta. Maganinsa shi ne a bar kashin a fili ruwa da iska su dake shi na tsawon watanni, ana juya shi, ko a turara shi da tururi kamar yadda masana'antun ƙarfe na Japan suke yi, sannan a gwada kumburinsa kafin a karɓa.

Na biyu shi ne gishirin salfet. Yana iya kasancewa a cikin ƙasar wurin, ko ya shigo tare da shafen jifsam da ya gauraya da ɓaraguzai, ko ya zo cikin ƙurar tanderun siminti. Idan ya haɗu da kalsiyam da alumina da ruwa, wani ma'adini mai suna etiringait yana tsirowa, yana shan ruwa mai yawa yana ɗaga duk abin da ke kansa. A jihar Texas ta Amurka, inda wannan matsala ta lalata hanyoyi da dama, ana fara ɗaukar matakan kariya da zarar salfet ya wuce kashi 0.3 cikin 100 na nauyin ƙasa. An ga cewa maye gurbin wani ɓangare na farar ƙasa da niƙaƙƙen kashin tama yana rage wannan kumburi sosai.

Shin waɗannan abubuwa ba za su gurɓata ruwan ƙasa ba?

Tambaya ce da ta cancanci a yi ta da gaske, kuma bai dace a amsa ta da cewa ai komai lafiya ba. Tokar kwal tana ɗauke da ƙananan adadi na asinik da seleniyam da boron, kashin baƙin ƙarfe yana iya ɗauke da kuromiyam da banadiyam. Idan aka ɗaure su cikin tushe mai tauri, aka rufe da kwalta, ruwan da ke ratsa su kaɗan ne, kuma yawancin ƙarafa masu guba suna maƙalewa a cikin danƙon. Amma wasu, kamar kuromiyam da seleniyam, sun fi saurin narkewa a ruwa mai pH mai yawa, wanda shi ne ainihin yanayin da haɗin yake samarwa. Don haka ake jiƙa samfurin a ɗakin gwaji a auna abin da ya tsiyayo, kuma ake hana zuba irin waɗannan kaya kusa da rijiyoyi, ko a fadama, ko a inda ruwan ƙasa yake kusa da sama.

Fasasshen kankare ma yana fitar da ruwa mai kaifi a farkon rayuwarsa, wanda ke cin bututun alminiyam, kuma yana barin farin dutse da ke toshe magudanan ƙarƙashin hanya. Tsohuwar kwalta kuma dole a bincika ko an yi ta da kwaltar kwal ta zamanin da, mai ɗauke da sinadaran da ke jawo ciwon daji, haka nan ɓaraguzan tsofaffin gine-gine dole a tabbatar babu asbestos a ciki.

Sai dai adalci ya buƙaci a auna da abin da ke faruwa idan an bar su a inda suke. A watan Disamba na 2008 bangon tafkin toka ya ɓalle a tashar lantarki ta Kingston da ke jihar Tennessee a Amurka, toka fiye da mita kubik miliyan 4 ta malale kan gidaje da koguna. A watan Oktoba na 2010 jan laka ya ɓalle daga ma'ajiyarsa kusa da garin Ajka na ƙasar Hungari, mutum 10 suka rasu. Tara waɗannan abubuwa wuri guda shekara da shekaru shi ma haɗari ne, kuma mutanen da ke zaune kusa da su ne ke ɗaukarsa.

Yaya aikin yake gudana a fili?

Hanya biyu ce. Ko a kwashe kayan a kai wurin haɗi, a auna komai da sikeli a gauraya, sannan tifa ta dawo da shi, ko kuma a yi komai a kan hanyar. A ta biyun, ana baza garin abin ɗauri a kan tsohon titi, sai wani babban inji mai ganga mai haƙora ya bi ta kai, yana niƙe kwalta da tushen da ke ƙarƙashinta zuwa zurfin santimita 15 zuwa 30, yana fesa ruwa yana gaurayawa. Gireda ta daidaita, motocin daɓe su bi, a riƙa yayyafa ruwa ko a rufe da siririn man kwalta na kwanaki domin kada danshin ya gudu kafin haɗin ya kama. Ta farko ta fi daidaito, ta biyu ta fi sauri kuma tana rage zirga-zirgar manyan motoci.

A nan ne ake samun nasara ko asara. Tokar ajin C tana fara kamawa cikin awa ɗaya zuwa biyu, idan aka makara wajen daɓewa an fasa ɗaurin da ya fara samuwa, kuma ba zai dawo kamar da ba. Ruwa kaɗan yana hana daɓe kamawa, ruwa mai yawa yana barin ramuka bayan ya bushe. Wasu injiniyoyi sukan bi sabon tushen da motar daɓe mai girgiza kwana ɗaya zuwa uku bayan aiki, domin su haifar da tsaga ƙanana masu yawa waɗanda ba sa haurawa sama, maimakon manya 'yan kaɗan. Kuma babu abin ɗaurin da zai ceci hanyar da ba ta da magudanar ruwa.

A ina aka yi wannan aka ga amfaninsa?

Jamus ta sake gina biranenta da ɓaraguzan yaƙin duniya na biyu bayan 1945, sake sarrafa kwalta kuma ya bunƙasa bayan tashin farashin man fetur na 1973. A yau Amurka tana sake amfani da fiye da kashi 90 cikin 100 na kwaltar da take kankarewa, a Japan kuma kusan rabin abin da ke cikin sabuwar kwalta tsohuwa ce. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2008 cewa a kai ga sake amfani da kashi 70 cikin 100 na sharar gine-gine kafin 2020, kuma a ƙasar Holan mafi yawan ɓaraguzai ƙarƙashin tituna suke komawa. Indiya ta fara tilasta amfani da tokar kwal a 1999, kuma a 2022 aka buɗe wata hanya mai layi shida, tsawon kilomita ɗaya, a Hazira kusa da birnin Surat, wadda aka gina da sarrafaffen kashin baƙin ƙarfe.

Shin ya fi araha, kuma lallai ya fi alheri ga muhalli?

Nisa ne ke yanke hukunci. Waɗannan kaya masu nauyi ne kuma darajarsu kaɗan ce, saboda haka kuɗin dako da man da motoci ke ƙonawa suna iya cinye ribar cikin 'yan ɗaruruwan kilomita. Inda tashar lantarki ko masana'antar ƙarfe take kusa, kuma dutse mai kyau yake nesa, ribar a bayyane take. Inda abin ya kasance akasin haka, lissafin yana iya juyewa.

Abu na biyu shi ne tsawon rai. Hanyar da aka rage hayaƙi wajen gina ta, amma ta lalace cikin rabin shekarun da aka tsara mata, ta jawo gini sau biyu, da ɓarnar motoci, da wahalar matafiya. Lissafi na gaskiya yana ƙirga komai daga haƙa da dako da gini da gyare-gyare har zuwa ranar da za a sake kankare ta.

Idan aka daina ƙona kwal, ina za a samu toka?

Wannan ya riga ya fara faruwa. Birtaniya ta rufe tashar kwal ɗinta ta ƙarshe, ta Ratcliffe-on-Soar, a ƙarshen watan Satumba na 2024, kuma a shekarar ce aka kashe manyan tanderun narkar da tama na Port Talbot. Masana'antun siminti ma suna neman toka da niƙaƙƙen kashin tama domin nasu haɗin, har ta kai abin da ake biya a kwashe a da yanzu sayensa ake yi. Babu mai hankalin da zai so a ci gaba da ƙona kwal domin a samu toka. Mafita ta kusa ita ce a koma ga tsofaffin tsibin da aka binne shekaru da dama, a haƙo, a busar, a tace. Bayan wannan akwai gasasshen yumɓu, da tokar amfanin gona, da kashin da ke fitowa daga tanderun lantarki, waɗanda kowannensu yake buƙatar nasa gwajin daga farko.

Me ke hana aikin yaɗuwa inda kayan suke da yawa?

Sau da yawa takardun kwangila ne. Ƙa'idojin hanyoyi na ƙasashe da dama an rubuta su ne da sabon dutse da siminti a zuciya, suna ambaton sunan kayan da za a zuba maimakon ƙarfi da juriyar da ake buƙata, sai ɗan kwangilar da ya kawo wani abu daban ya zama ya saɓa ƙa'ida ko da nasa ya fi inganci. Dokar muhalli ma takan ci gaba da kiran toka shara, da duk izinin dako da ajiya da hakan ke jawowa, sai idan hukuma ta fayyace sharuɗɗan da za ta cika ta fita daga wannan suna. Injiniyan da zai sa hannu kuma yana tsoron ɗaukar laifin abin da zai iya bayyana bayan shekara biyar, kuma tsoronsa yana da tushe matuƙar babu ɗakin gwajin da zai riƙa auna kowane kaso da aka kawo.

Hukumomin da suka yi nisa sun fara ne da gajeren yanki na gwaji kusa da yankin da aka gina ta hanyar da aka saba, a kan titi ɗaya mai motoci iri ɗaya. Suka riƙa auna lanƙwasar hanyar da zurfin sawun taya da yawan tsaga kowace shekara, suna ɗibar ruwan da ke fita daga magudana suna gwadawa, sannan suka rubuta ƙa'ida daga abin da suka gani, suka kuma wajabta wa masana'antar da ke ba da toka ko kashin ƙarfe ta haɗa kowace mota da takardar sakamakon gwajinta.